Kukan finafinan Filifin ba na banza ba ne

Da an kawo maganar finafinan Filifin sai ka ji wasu na cewa ai ba komai ciki sai soyayya da koke-koke, yarinya ta so yaro, iyaye su hana, a yi ta hawaye har a tashi. Ni dai gaskiya wannan rainin bai kwanta min ba.

Eh, soyayya ce ke kawo musu kuɗi, wannan ba musu. Kamfani zai haɗa jarumi da jaruma ya yi ta saka su tare shekara da shekaru har masoya su haɗe sunayensu ya zama ɗaya, kamar KathNiel na Kathryn Bernardo da Daniel Padilla, waɗanda da suka rabu a ƙarshen 2023 sai da intanet ta ɗau zafi. Kasuwanci ne zalla, kuma yana takura wa 'yan wasan sosai don ba su da ikon son wani a fili ba tare da masoya sun yi musu ca ba.

To amma ka leƙa ƙarƙashin soyayyar ka ga me ke nan. Hello, Love, Goodbye da ya kafa tarihin kasuwa a 2019 labarin 'yar aikatau ce a Hong Kong, ta yi karatun jinya amma ga ta tana shara da wanke-wanke a gidan wasu, burinta kawai ta tsallaka Kanada. Ci gabansa da ya fito a 2024 shi ne fim ɗin Filifin na farko da ya haura peso biliyan 1. Me ya sa mutane suka yi ta tururuwa? Saboda miliyoyin 'yan ƙasar na ci-rani a waje, a Saudiyya da Dubai da Hong Kong da kan jiragen ruwa, kuɗin da suke turowa gida ya wuce dala biliyan 30 a shekara, wato wanda ke kuka a silima ba don jaruma yake yi ba, uwarsa yake tunawa wadda waya kaɗai ke haɗa su. Tun a 1995 da aka rataye Flor Contemplacion, wata 'yar aikatau 'yar Filifin, a Singafo aka yi fim a kanta a shekarar, Nora Aunor ta fito a matsayinta. A 2000 kuma Vilma Santos ta fito a Anak, uwa ce da ta dawo daga aikatau ta tarar 'yarta ta tsane ta don ta tafi ta bar su. Duk wanda yayarsa ko innarsa ta taɓa tafiya Jidda aiki ba sai an yi masa bayanin wannan ciwon ba.

Suna da na ban tsoro ma, jerin Shake, Rattle & Roll tun 1984 ake yinsa da mayu irin nasu, aswang da manananggal mai rabewa biyu da dare ta tashi sama. Na daka kuwa har wani jaruminsu ya zama shugaban ƙasa, Joseph Estrada a 1998. Kuma abin da ya burge ni, tun 1975 suke da bikin finafinai na Metro Manila, daga ranar Kirsimeti zuwa farkon Janairu yawancin gidajen silima nasu na gida kawai suke haskawa.

Inda nake da ƙorafi shi ne yawancin finafinan ci-ranin nan a haƙuri suke ƙarewa, a rungumi juna a yafe. Da wuya ka ga an tsaya an tambayi dalilin da ya sa tun zamanin tsohon shugaban ƙasa Ferdinand Marcos a 1974 gwamnati ta mai da tura 'yan ƙasa aiki waje tsari. Daraktoci irin su Lav Diaz da ya ci babbar lambar bikin finafinai na Venice a 2016 ba sa tsoron tambayoyi masu zafi, amma fim ɗin da ya ci lambar da shi ya kusa awa 4, 'yar aikin da Lahadi kaɗai take hutu yaushe za ta kalla? Manyan kamfanonin da ke da masu kallon su ya kamata su yi wannan tambayar.