Ƴan uwana matasa, ku dubi aikin samar wa talaka muhalli

Duk matashin da ya fito daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ka tambaye shi inda yake son aiki, zai ce maka duwan, banki ko ƙungiyar agaji. Da wuya ka ji mai cewa yana son aikin gidaje masu sauƙin kuɗi. Wallahi abin yana damuna, don garin nan na Maraɗi da kansa matsalar muhalli ce ta sa ya yi ƙaura. A 1945 ambaliyar Gulbi ta cinye tsohon gari, aka hau tudu aka yanka sabbin filaye. Ruwan ƙarshen Agustan 2024 kuma kowa ya gani: gidajen laka suka zube, aka rasa rayuka, iyalai suka kwana a azuzuwan lakwal.

Aikin nan bai tsaya ga magini da injiniya ba. Akwai mai auna fili, mai lissafin bashin gida, mai bin takardu a ma'aikatar magajin gari, da wanda zai zauna kan tabarma da bazawara mai ƴaƴa biyar ya ji nawa take iya biya a wata ba tare da tukunyarta ta kwana a kife ba. SONUCI, kamfanin tsara birane da gina gidaje, tana nan, Bankin Muhalli na Nijar ya fara aiki a 2018, kuma mutane kullum ƙaruwa suke. Wanda ya iya wannan sana'a ba zai rasa abin yi ba. Ga ilimi kuma: dokar filaye, magudanar ruwa, har ginin ƙubba da tubalin laka wanda ba ya buƙatar azara, ga sanyi a lokacin bazara.

Amma abin da ya fi ja na shi ne rufin asiri. Wanda bai taɓa zaman haya ba bai san yadda gaban magidanci ke faɗuwa ba in ya ji sallamar mai gida a ƙarshen wata, ga yara suna kallo. Ranar da ka miƙa wa irin wannan bawan Allah makulli da takarda mai sunansa, ka cire masa wannan fargaba har abada, kuma ladan na nan.

Albashin ba na kasaita ba ne, gaskiya. Kuma za a zo maka ta bayan gida a ce ka sa sunan ɗan wane cikin jerin masu samu. Shi ya sa nake son masu amana su riga kowa zama kan kujerun nan.