Me ya sa jitar lantarki ta ƙi yin amon jitar katako?

Makaɗa da yawa a Yamai kan sayi fedal (ƴar na'urar sauya amo da ake takawa da ƙafa) mai kwaikwayon amon jitar katako, irin Boss AC-3 ko akwatin sauya amo na kamfanin Zoom, su jona shi da amplin jitar lantarki (na'urar ƙara ƙarfin amo), sai amo ya fito a dushe, su ce na'urar ce jabu. Galibi ba ita ba ce, lasifikar ampli ce. An ƙera ta ne ta datse siririn amon da ya haura wajen 5 kHz (ma'aunin siranta ko kaurin amo), alhali ƙyallin jitar katako da kartar yatsa bisa tsirkiya can sama suke. Duk yadda ka murɗa maɓallin siririn amo, abin da lasifika ta haɗiye ba ya dawowa.

Ka jona fedal da lasifika mai fitar da amo duka, irin ta situdiyo ko ta biki, ko abin sawa a kunne mai kyau. In akwatin yana kwaikwayon ampli da lasifikarsa, kashe kwaikwayon duka biyun. Nan aka fi tuntuɓe. Kashe sashen akwatin mai gurɓata amo shi ma, ka bar amsa-kuwwa ƴar kaɗan.

Sai ita jitar. Zaɓi mikuron jitar (abin ɗaukar amo da ke ƙarƙashin tsirkiya) na kusa da wuya ko na tsakiya, mai naɗin waya guda. Mai naɗi biyu kan cika kauri. In amo ya kumbura, rage amo mai kauri na wajen 200 zuwa 300 Hz. Tsirkiya mai lambar kauri 9 ta yi laushi, sa mai lamba 11, ta ukun ta zama naɗaɗɗiya. Ƙurar hunturu da zufa suna kashe tsirkiya da wuri, don haka a goge ta da ƙyalle bayan kowane kiɗi.