Marubuci ya rasu, jaruminsa na nan yana yawo

Littattafai uku kacal Robert Ludlum ya rubuta kan jaruminsa ɗan leƙen asiri, Jason Bourne, kafin rasuwarsa a 2001. Daga 2004 Eric Van Lustbader ya karɓi ragamar, ya ƙara sama da goma. Amma duba bangon kowanne: sunan mamacin ne ya cika rabin shafi da manyan baƙaƙe, sunan wanda ya yi gumin rubutun kuwa yana can ƙasa, sai ka ƙura ido. Haka ake yi da jarumi Jack Ryan tun bayan rasuwar wanda ya ƙirƙire shi, Tom Clancy, a 2013.

Ni ba na cikin masu cewa a binne jarumi tare da mahaliccinsa. Labarin kasada ya ginu ne kan tsari: ga jarumi, ga mugu, ga lokaci na ƙurewa. Ƙwararren marubuci zai iya koyon wannan tsarin, wani lokacin ma ya fi mai shi iyawa. Magada kuma suna da haƙƙinsu, doka ta ba su.

Inda nake da ja shi ne yadda ake ɗaure hannun sabon marubucin. Da zarar jarumi ya zama kadarar iyali da kamfanin ɗab'i, shi ke nan, ba ya tsufa, ba ya karaya, mutuwa kuwa ba a ma maganarta. Mai labarin na asali yana iya wulakanta jaruminsa in ya ga dama. Ian Fleming ya aurar da James Bond, ya kuma kashe amaryar a ƙarshen littafin. Ɗan haya ba zai taɓa samun wannan izini cikin sauƙi ba, domin kazar da ke yin ƙwai ba a yanka ta. Abin da ake barinsa ya taɓa bai wuce kayan ado ba. Da John Gardner ya dawo da Bond a 1981, abin da aka fi tunawa shi ne ya ɗora shi kan mota ƙirar Saab.

Batun suna ma ya daɗe. Bayan rasuwar Fleming a 1964, Kingsley Amis ya rubuta sabon littafin Bond a 1968 da sunan aro, Robert Markham. A 2008 aka rubuta ƙarara a bango cewa Sebastian Faulks ne ke rubutu "a matsayin" Fleming. Wannan aƙalla ya fito fili, mai saye ya san abin da ya biya.

Akwai wata hanyar. Hergé, ɗan Beljiyam da ya ƙirƙiri Tintin, jarumin labaran zane, ya nuna ba ya son kowa ya ci gaba da labarin bayansa. Ya rasu a 1983, magadansa suka mutunta hakan, aikinsa na ƙarshe ma a yadda ya bar shi aka buga shi a 1986, zane-zane marasa ƙarewa. Masu son ci gaba da nasu jerin ba a hana su ba, amma su sa sunan mai rai a sama, da girmansa.