Schengen: An tsaurara ƙofar waje, an kuma dawo da shinge a cikin gida

Tun ranar 16 ga Satumban 2024 'yan sandan Jamus ke tsaye a dukkan iyakokinta na ƙasa, suna tare motoci, suna shiga jiragen ƙasa suna neman takardu. A Disamban shekarar Holan ta bi sahu. Da Polan ta ga Jamus na dawo mata da mutane, ita ma sai ta kafa nata shingen a Yulin 2025. Faransa kuwa tun lokacin harin da aka kai birnin Paris a Nuwamban 2015 take sabunta binciken kan iyakarta duk bayan wata shida, har abin da aka ce na wucin gadi ne ya shekara goma. Duk waɗannan ƙasashe suna cikin yankin Schengen, wanda dalilin kafa shi tun asali shi ne a daina irin wannan tsayarwa.

A ranar 14 ga Yunin 1985 wakilan ƙasashe biyar, Faransa da Jamus ta Yamma da Beljiyam da Holan da Luksambag, suka sa hannu kan yarjejeniyar a cikin wani jirgin ruwa a kogin Moselle, gab da ƙauyen Schengen. Sai a Maris na 1995 aka fara aiki da ita. Yau ƙasashe 29 ne a ciki, bayan Bulgeriya da Romaniya sun shiga gaba ɗaya a farkon 2025. Ba duka ba ne 'yan Tarayyar Turai, domin akwai Suwizalan da Norway da Iceland da Liechtenstein. Haka kuma ba duk ƙasar Tarayyar ce a ciki ba: Ireland tana waje, Cyprus ba ta kammala shiga ba. Birtaniya kuwa ko lokacin da take Tarayyar ba ta taɓa shiga ba, shi ya sa bizar Landan ba ta kai mutum Paris.

Tsarin kamar gidan gandu ne mai zaure ɗaya. Baƙo ya yi sallama a zaure, a tambaye shi ko wane ne shi da abin da ke tafe da shi, idan an gamsu ya shige, ba mai sake tare shi a ƙofar kowane sashe. A kan wannan sharaɗi aka tsananta binciken zauren, kuma a kan sa ake karɓar kuɗin mutane. Ƙorafina shi ne Turai ta ci gaba da ƙara wa zauren tsanani, amma ta fara janye abin da ta yi alkawarin bayarwa a ciki.

A duba abin da ɗan Najeriya ke sha kafin ya kai ƙofar. Ɗan kasuwa daga Kano ko Sakkwato da ke son zuwa baje kolin injina a Jamus, ko ya duba kayan fata a Italiya, sai ya fara da farautar ranar ganawa a intanet, sannan ya kama hanyar Abuja ko Legas, inda kamfanonin da ofisoshin jakadanci suka bai wa kwangila ke karɓar takardu. A cikin fayil ɗinsa akwai fasfo wanda bai wuce shekara goma da fitowa ba, kuma zai kai wata uku yana aiki bayan ranar da zai baro Turai. Akwai bayanan asusun banki, takardar gayyata, shaidar masauki, shaidar tikitin zuwa da dawowa, da inshorar lafiya da za ta iya biyan Yuro 30,000. A ɗauki zanen yatsunsa goma. Ya biya Yuro 90, domin a Yunin 2024 aka ƙara kuɗin daga 80, ban da ladan kamfanin da kuɗin mota da na kwana. Doka ta ce a ba shi amsa cikin kwana 15, amma ta yarda a ja har 45.

Amsar kuma kusan canki-canka ce. Alƙaluman Hukumar Tarayyar Turai na 2024 sun nuna an ƙi kusan kashi 46 cikin 100 na buƙatun da aka shigar daga Najeriya, kusan daidai da Ghana da Senegal, alhali a duniya baki ɗaya abin bai kai kashi 15 ba. Sama da buƙatu 50,000 ke nan daga Najeriya kaɗai, kuma ba a mayar wa kowa ko sisi. Mai son lissafi ya buga, kuɗin ya haura Yuro miliyan 4 a shekara ɗaya, a kan abin da ba a samu ba. Wanda aka hana takarda ake miƙo masa tare da fasfonsa, an jera dalilai an sa alama a kan ɗaya. Dalilin da ya fi cin rai shi ne mai cewa akwai shakku kan niyyarka ta barin ƙasar kafin bizar ta ƙare. Ta yaya mutum zai kawo shaidar abin da ke cikin zuciyarsa? Da Jamus tana da hanyar da za ka rubuta wa ofishin jakadancin ka nemi a sake duba maganarka kyauta. Daga 1 ga Yulin 2025 ta soke ta. Yanzu ko dai ka kai ƙara kotu a Balin, ko ka sake biyan Yuro 90 ka koma layi.

Ko wanda ba Turai za shi ba bai tsira ba. Najeriya da Ghana na cikin jerin ƙasashe 12 da ake nema wa 'yan ƙasarsu bizar ratse, ko da sauya jirgi kawai za su yi a Frankfurt ko Amsterdam ba tare da sun taka waje ba, sai fa idan suna riƙe da wasu takardu irin bizar Amurka ko Kanada. Mutanen Nijar kuwa, tunda Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024, mai neman bizarta sai ya fara da tsallaka wata iyakar.

To, mutum ya jure duk wannan, an liƙa masa bizar a fasfo, ya sauka Milan. Ya hau jirgin ƙasa zuwa Nice. Tashar farko a ɓangaren Faransa bayan Ventimiglia, garin Italiya na kan iyaka, ita ce Menton-Garavan, ƙaramar tasha ce, amma nan jirgin ke tsayawa 'yan sanda su shiga, su bi tarago-tarago har da leƙa banɗaki. Ba kowa ake tambaya ba, domin idan aka ce kowa ya fito da fasfo to harkokin kudancin Faransa sun tsaya. Zaɓa ake yi. Ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙi da ke sa ido a wurin sun daɗe suna faɗin wanda ake zaɓa, kuma ba sai an yi dogon tunani ba.

Kada a ce zargi ne kawai, maganar ta je kotu. A 2018 Mpanzu Bamenga, ɗan ƙasar Holan haifaffen Kongo, kansila a birnin Eindhoven, ya dawo daga Rum inda ya je taro. A filin jirgin garinsu jami'an kan iyaka suka ware shi daga layi. Aka shaida masa ya yi kama da wanda suke nema, wai ɗan Najeriya mai safarar kuɗi: mai saurin tafiya, mai kyakkyawar shiga, wanda bai yi kama da ɗan Holan ba. Jirgin daga Italiya ya taso, wato tafiya ce ta cikin Schengen. Kotun farko ta ce jami'an ba su yi laifi ba. Sai a Fabrairun 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta Hague ta hana amfani da launin fata wajen zaɓen wanda za a tsayar. A lura da sunan ƙasar da aka rataya wa mutumin da ba ruwansa da ita.

Masu kare shingayen suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Jamus ta karɓi mutane kusan miliyan ɗaya a 2015. A Agustan 2024 wani ɗan Siriya ya kashe mutum uku da wuƙa a garin Solingen, kuma mutum ne da ya kamata a ce an riga an mayar da shi Bulgeriya, inda ya fara shigowa. Gwamnatin da ta ga haka ta naɗe hannu, masu zaɓe za su tambaye ta. Kowace ƙasa tana da ikon sanin wanda ke shigo mata, ba na jayayya da wannan. Mu ma a nan Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, duk da yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979, mutanen Jibiya da Illela da Maigatari ba su manta ba.

Sai dai dokar Schengen da kanta ta ce binciken cikin gida mataki ne na ƙarshe, na ɗan lokaci, idan akwai babbar barazana. A Afrilun 2022 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a kan Ostiriya cewa ba a tsawaita shi fiye da wata shida sai da sabuwar barazana. Abin da ya biyo baya shi ne a 2024 aka gyara dokar, aka buɗe ƙofar kai shi shekara biyu har da ƙari. A Mayun 2025 ministan cikin gida na Jamus Alexander Dobrindt ya ba da umarnin a riƙa juya masu neman mafaka daga kan iyaka. Wata kotu a Balin ta ce hakan ya saɓa doka a shari'ar wasu 'yan Somaliya uku, ministan ya ce zai ci gaba. Ƙasashen da ke hana matafiyi biza saboda takarda ɗaya ta ɓace a fayil ɗinsa, su ne ke yi wa tasu dokar haka. Ga kuma tambayar amfani: iyakar Jamus ta ƙasa ta kusa kilomita 3,900, da dazuzzuka da ƙananan hanyoyi. Mai fasa-ƙwaurin mutane ya san inda zai bi. Wanda ke zaune a kujerarsa cikin jirgin ƙasa da tikitinsa a hannu shi ake samu cikin sauƙi.

Mu ma da namu laifin. Akwai masu karɓar bizar kwana goma su ɓace, akwai dillalan da ke haɗa wa mutane bayanan banki na bogi da gayyatar ƙarya, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana ja wa masu gaskiya goma. Akwai kuma rashin sani. Da yawa suna ɗauka ko'ina suka ga layi ya yi sauƙi nan za su nema, alhali ƙa'ida ita ce ka nema a ofishin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta, idan kwanakin sun zo ɗaya sai wadda za ka fara shiga. Mai bizar Sifaniya da ya sauka Munich da takardun otal na Jamus kaɗai, jami'in kan iyaka na iya juya shi, domin biza ba ta tilasta a bar ka ka shiga. Sai ƙa'idar kwana 90 cikin kowane 180, wadda ake ƙirgawa a dunƙule ga ƙasashen duka. Wanda ya yi kwana 60 a Italiya ya dawo gida, bayan wata ɗaya ya nufi Faransa, saura kwana 30 gare shi, ko da bizarsa ta shekara biyu ce. Turawan Ingila ma tun 2021 suke wannan lissafi.

Da ana dogara ne da hatimin da ke fasfo, wani lokaci jami'i ya manta bai buga ba, wani lokaci ya dushe. Daga 12 ga Oktoban 2025 aka fara sabon tsarin kwamfuta na EES, wanda aka tsara kammala shimfiɗa shi a Afrilun 2026: hoton fuska, zanen yatsu, ranar shiga da ranar fita, duk a rumbu ɗaya. Wanda ya wuce wa'adi ko da kwana ɗaya ne, na'ura ta sani. Ni ban ga aibun wannan ba, hasali ma makami ne a hannunmu. Idan Turai za ta san takamaimai wanda ya shiga ya fita a kan lokaci, hujjar yi wa kowa kuɗin goro ta faɗi. Dokar biza tun 2020 ta tanadi cewa wanda ya yi amfani da biza uku yadda ya kamata cikin shekara biyu a ba shi ta shekara ɗaya mai shiga da fita, daga nan ta shekara biyu, sannan ta biyar. Da wannan rumbu, ba ofishin da ke da uzurin ƙin aiki da wannan tanadi.

Turai ta daɗe da mayar da biza abin ciniki. Gambiya ta gani a 2021, Habasha ta gani a 2024, lokacin da aka tsaurara wa 'yan ƙasarsu sharuɗɗa saboda gwamnatocinsu ba sa saurin karɓar waɗanda aka koro. Cape Verde kuwa ta sa hannu kan karɓar nata, ta samu yarjejeniyar sassauta biza. Tun 2016 Tarayyar Turai ta buɗe tattaunawa da Najeriya kan yarjejeniyar mayar da baƙin haure, wato akwai abin da take so a hannun Abuja. Duk wanda ke wakiltarmu a wannan tebur ya kamata ya je da nasa jerin: bizar shekaru ga 'yan kasuwa da malaman jami'a da likitocin da tarihin tafiyarsu ya wanke su, cikakken bayani a rubuce ga duk wanda aka hana, ragin kuɗi ga mai sake nema, da cibiyar karɓar takardu ta dindindin a Kano domin ɗan Maiduguri ko Gusau ya daina kwana a hanya saboda zanen yatsa.