Kallon tsuntsaye a tabki ba sai da damina ba

Mutane da yawa nan Damagaram suna cewa in za ka je tabki kallon tsuntsaye to ka bari sai damina, wai lokacin ruwa ya cika. A'a wallahi ba haka ba ne. Da damina ruwa ko'ina yake, kowane kududdufi ya cika, tsuntsayen sun warwatsu cikin daji, ga haki ya yi tsawo ga laka, in ka sauka daga kwalta babur ma sai an tura shi. Shamuwa kam za ka gani, amma ita ko cikin gari tana sheƙa.

Lokacin sanyi ne abin yake, Disamba zuwa Fabrairu, ƙananan ruwaye sun ƙafe sai kowa ya taru a manyan tabkuna irin Gidimuni da Lasuri, ga kuma baƙin tsuntsaye da suka gudo wa sanyin Turai. Lasuri tun 2005 take cikin jerin Ramsar na dausayi masu muhimmanci. Ka isa da asuba ka zauna shiru, za ka ji fiton kirinjijiya kafin ka gan su, zalɓe kuma na tsaye cikin ruwa yana dakon kifi. Ka riƙo rigar sanyi fa.