Kafin a zuba wa teku taki, a tambayi masu cin sikarin

Duk bayan ɗan lokaci sai ka ga labari yana yawo wai an samo hanya mai sauƙi ta rage ɗumamar yanayi, a zuba wa teku sinadarin ƙarfe kamar yadda ake zuba wa gona taki, ƙananan tsirran ruwa su yi yawa, su zuƙe iskar kabon, su mutu su nutse, shi ke nan an huta. Ni dai a wurina wannan lissafin dokin Rano ne, don an manta da masu jiran abincin.

Tsirran nan dangin gansakukar da ke mai da ruwan kududdufi kore ne, sai dai su ƙwayoyi ne ɗai-ɗai masu yawo a ruwa, ido ba ya ganin guda ɗaya sai sun taru. Amma fa kusan rabin abincin da ake haɗawa daga hasken rana a duniyar nan su ke haɗa shi. Da yawansu kuma suna ajiye shi ne a matsayin wani sikari da ake kira laminarin, wani bincike na 2020 ya ƙiyasta cewa ana samar da wajen tan biliyan 12 nasa a shekara. To wa ke cinye wannan uban sikari? Bakteriya. Mu da Hausa mun saba cewa ƙwayoyin cuta, amma waɗannan ba ruwansu da cutar kowa, cin abincinsu kawai suke yi.

A tsibirin Helgoland na Jamus tun 1962 ake ɗiban ruwan teku a wuri ɗaya kusan kowace ranar aiki ana aunawa, aikin da ba wanda zai yi maka tafi a kansa. Daga wannan ruwan ne masana na cibiyar Max Planck da ke Bremen suka bi diddigin abin da ya faru a 2009 bayan sanyin hunturu ya tafi tsirran sun cika ruwa. Abin kamar gidan biki. Rukuni-rukuni bakteriyar ke zuwa, su Ulvibacter, su Formosa, su Polaribacter, kowa da irin sikarin da yake da almakashin yanka shi, wato sinadarin jikinsa mai farfasa shi, in nasa ya ƙare sai ya ja baya wani ya shigo, kuma da aka duba shekarun da suka biyo baya sai ga kusan fuskokin nan dai suna dawowa. Akwai ma marowata a cikinsu, wallahi wannan ya ba ni dariya: maimakon su farfasa sikarin a waje 'yan ci-ma-zaune su samu rabo, sai su yanka shi manya-manya, su ja shi ciki ta wata ƙofa a jikinsu, su ƙarasa aikin a ɗaki. Kabon ɗin da ke cikin sikarin da suka ci kuma da yawansa numfashi ke mai da shi iskar da aka ce an kama, tun bai yi nisa daga saman ruwa ba.

Ba duka ake cinyewa ba, a yi adalci. Akwai wani sikarin mai yauƙi da tauri, fukoyidan, wanda ke gagarar yawancinsu, har an samu wata bakteriya mai suna Lentimonas da sai ta tanadi almakasai ɗaruruwa kafin ta iya da shi. Irin wannan ne ke manne tarkace su dunƙule su nutse. Kenan tambayar ita ce wane tsiro ne ya fito, wane sikari ya yi, wa ke kusa da zai ci. Shi ya sa gwaje-gwajen zuba ƙarfe a teku da aka yi ma ba su zo ɗaya ba. A na 2004 a tekun kudu da ke kewaye da Antarctica an ga kaso mai yawa ya nutse can ƙasa, amma a na 2009 da Indiya da Jamus suka yi tare, LOHAFEX, ƙananan halittun ruwa ne suka kiwace tsirran, abin da ya nutse kaɗan ne.

Ban ce a daina bincike ba, a ci gaba, a ma ƙara wa masu ɗiban ruwan nan kuɗi. Abin da nake ƙi shi ne a fara sayar da abin a kasuwa a ce an binne kabon tan kaza. A 2012 wani ɗan kasuwa Ba'amurke ya jagoranci zuba wajen tan 100 na sinadarin ƙarfe a teku gefen Kanada, ruwa ya yi kore har tauraron ɗan'adam ya ɗauko hoto. To nawa ne ya kai ƙasan teku, nawa bakteriya suka lashe suka busa sama? Hoton da aka ɗauka daga sama ba zai gaya maka wannan ba.