Ga mai shirin zuba ɗan abin da ya tara a gidan haya

Kusan duk wanda ya tara wasu 'yan kuɗi, ma'aikaci ne da ya karɓi garatuti ko ɗan kasuwa da Allah ya buɗa masa, tambayar da yake fara yi ita ce ko ya sayi fili ya ajiye ko ya gina gida ya zuba 'yan haya. A ganina akwai abin da ya kamata ya rigayi wannan tambaya, wato batun takarda, domin yawancin asarar da na gani a wannan harka daga alƙawarin baka ta samo asali.

Tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen kowace jiha a Najeriya suna ƙarƙashin amanar gwamna, kuma abin da mutum yake riƙewa izinin zama ne, wanda galibi ake bayarwa na shekara 99 ga gidan zama. Saboda haka takardar cinikin da mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu tana da amfani, amma ba ta kai takardar shaidar mallaka ta gwamnati ba. Filin awon igiya, wato wanda masu wuri suka yanka da kansu ba gwamnati ba, ya fi araha, shi ya sa talaka yake rububinsa, sai dai a irinsa ne ake sayar wa mutum uku fuloti ɗaya, ko a wayi gari wani daga cikin magada ya fito ya ce ba da yawunsa aka sayar ba. Kafin ka biya dillali la'ada, ka je hukumar filaye, KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, a bincika maka matsayin wurin. In filin gado ne, ka nemi ganin takardar rabon gadon da idonka.

Lissafin haya ma yana ruɗin mutane. A misali, wanda ya kashe naira miliyan 20 a gini yana karɓar miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a shekara, abin da yake samu kashi 6 ne cikin ɗari, alhali hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, shekarar da buhun siminti ya wuce naira dubu goma a wurare da dama. Cikin wannan kuɗi ne kuma za a gyara kwanon da ke yoyo, a kwashe masai, a sake fenti. Wanda ya cinye kuɗin hayar shekara tas bai ware na gyara ba, damina biyu kawai za ta nuna masa.

Abin da ya fi damuna shi ne zaman mai gida da ɗan haya. Ni kaina na taɓa ba wani bawan Allah gida ba tare da rubutu ba, don kunya da sanayya, kuma da lokacin tashinsa ya yi muka kasa daidaitawa kan bashin wuta da kuɗin gyaran famfo, har zumunci ya yi rauni. Laifina ne, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. A rubuta ranar shiga da ranar biya, da wanda zai ɗauki kowane irin gyara, da yadda za a raba kuɗin wuta in mita ɗaya ce.

Haka nan mai gida ya sani cewa cire kwano ko ƙofa don a kori ɗan haya zalunci ne, kuma doka ba ta yarda da shi ba. A Abuja da Legas, in babu wata yarjejeniya ta daban, mai hayar shekara yana da notis na wata shida, sannan na kwana bakwai, kafin a tafi kotu. Game da ƙarin kuɗi kuwa, na fi son a ƙara kaɗan tare da sanarwa tun da wuri, domin ɗan hayan da ke biya a kan kari yana kula da gida, in ya tashi saboda an ninka masa kuɗi, gidan kan yi watanni a rufe kafin a sami kamarsa.